Ku Nemi Bahaguwa

Akwai mutanen da in ka taka su sai su ce Allah ya isa, su karkaɗe ƙafa su wuce. Matar da zan ba ku labarinta ba ta cikinsu. Ita in ka taka ta, takan tsaya ta ƙare wa takalminka kallo, don ta gane shi ko bayan shekara.

Da hagu aka haife ta, kuma tun tana rarrafe aka ɗaura yaƙi da wannan hannu. In ta miƙa shi za ta karɓi abu, a buge shi. In ta ɗauki cokali da shi, a fizge a danƙa mata a dama. Mama har ɗaure mata shi ta taɓa yi da ɗankwali ta baya, yarinya ta gwammace ta wuni da yunwa da ta ci da ɗayan. Ƙanwarta Auta, mai fararen haƙora da bakin tsiwa, ita ta laƙaba mata Bahaguwa, tana faɗa tana tafi har yaran layi suka ɗauka. Ita kuwa yayar ta tsani sunan nan iyakar tsana. Har ta yi aure ta haihu, in kana son ganin ɓacin ranta, to kira ta da shi.

Sai ga shi hannun da aka raina shi ya zama abin cin abincinta. Babansu tela ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sunkuye kan keken ɗinki har baya ya ƙage. Kowa a gidan ya gwada danna masa, sai ya ce a bari, ciwo ake ƙara masa. Ran da ta ɗora hagunta a ƙasan kafaɗarsa, babban yatsanta ya faɗa daidai kan wani ƙulli, tsoho ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Nan ne, 'yar nan. Kar ki ɗaga." Daga nan aka fara. Ta shiga wani gidan tausa na mata tana wankin tawul tana satar kallo, har aka fara bar mata gado. Ta yi kwas ta karɓo takarda. Da ta ji ta tsaya da ƙafarta, ta kama ɗaki biyu a saman wani kantin magani: bene mai ƙuncin matattakala, taga ɗaya da ke kallon bayan gareji, gadon tausa biyu masu rami a wajen fuska, fanka mai ƙara, butar ɗuma ruwa, da kwalaben mai a jere kan katako.

A nan Auta ta zo ta same ta, bayan ta gama makaranta ba aikin fari ba na baƙi. Yaya ta koya mata sana'a. Gaskiya ɗaya ce, Auta ta iya zuba mai ta murza, amma hannunta ba ya jin abin da jiki ke faɗa. Abin da Allah ya ba ta baki ne da waya. Ita ta raɗa wa wurin suna Hutun Jiki, ita kuma ta zo wata rana tana cewa, "Yaya, yanzu fa ba mai tsayawa bakin titi yana tambayar hanya. Waya ake tambaya. Bari in sa mu a taswira."

"Ke kika san wannan," in ji Yaya, hannunta dumu-dumu da mai. "Yi yadda kika ga dama."

Wannan 'yar maganar ita ce ta ci ta. Auta ta buɗe wa shagon shafi a taswirar intanet da asusunta da lambar wayarta. Duk wadda aka gama wa tausa ta miƙe tana hamdala, Auta za ta tare ta a ƙofa da murmushi ta ce a taimaka a ba su taurarin yabo a shafin, a ɗan rubuta yadda aka ji. Shekara da shekaru taurari suka taru, har ya zama duk matar da ta rubuta tausa a wayarta a garin, Hutun Jiki ne ke fara fito mata.

Sai Mama ta kwanta asibiti, doguwar kwanciya. Wa zai yi jinya? Babba mana. Bahaguwa ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, tana juya Mama, tana goge ta, tana bin likitoci. Auta ta ce, "Kar ki damu da shago, Yaya, ina nan." Lallai tana nan. Ran da aka sallami Mama, Bahaguwa ta hau benenta ta tarar da gado ɗaya, allon suna babu, sai ramukan ƙusa huɗu a bango. Auta ta kama wuri a wani sabon gini mai gilashi da lifta mai hawa da mutane sama, can ɗaya gefen garin, mijinta ya tsaya mata.

"Wallahi na so in gaya miki, na ga kina fama da Mama ne," in ji Auta a waya.

Gado bai dami Bahaguwa ba, allo ma haka. Ta ce hannunta na jikinta, masu ciwo za su zo. Tsofaffin kwastomomi 'yan kaɗan suka ci gaba da hawa benen, amma sabuwar fuska ko ɗaya. Wayarta ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Sai wata rana a kantin maganin da ke ƙasa wata mata ta riƙe baki ta ce, "Au, ashe ba ki tashi ba? Ni waya can ta kai ni." Ta buɗe ta nuna mata. Ga Hutun Jiki, ga taurarin nan reras ba wanda ya ɓace, amma adireshi sabo, hotuna sababbi. Auta ta ɗauke shagon daga taswira ta dasa a ƙofarta.

Nan take Bahaguwa ta kira Auta.

"Shafina ne fa, Yaya. Ni na buɗe shi, da lambata."

"Taurarin fa? Hannun wa aka yaba?"

"Hutun Jiki aka yaba."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ta kai ƙara wurin Mama, Mama ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwarki ce. Babba juji ne." Ta ce to. Amma a hanyar gida tana tafe tana cizon leɓe, tana faɗa wa kanta cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ita ba ta wasa da ibada.

Sai dai ramuwar farko duk shirme ce. Ta cika waya da habaici, kullum sabon karin magana kan butulci, waɗanda ba mai gani sai dangi. Ta ce sai ta sa wa shagonta sunan da zai danne na Auta, ta zauna ta ƙago Lambun Natsuwa da Annashuwa, ta buɗe masa shafi ta zuba hotunan furanni da kyandir da ta kwaso a intanet, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Kowace safiya kafin ta ɗora ruwan zafi sai ta rubuta tausa a waya, ta ga Auta a sama, ta gangara har yatsa ya gaji ba ta ga kanta ba, ta koma ta buɗe na Autar ta ƙirga taurari tana tsaki. Maigidanta, mai gyaran firji ne kuma ba ya raina abin dariya, ya ce, "Ke fa kin fi kowa zuwa shagon nan na Auta. Ya kamata ta ware miki kujera." Ranar bai ga fara'a ba har dare.

Cikin tsofaffin da ba su gudu ba akwai Mai Hoto, wata mai ɗaukar hotunan biki da nauyin kyamara ya cinye wa kafaɗar dama. Ita ma da waya take samun aiki, ta sha wuyar abin har ta gane kansa. Rannan tana kwance rub da ciki, fuska a ramin gado, Bahaguwa ta ce, "Ke Mai Hoto, alfarma nake nema. Ki shiga shafin yarinyar nan ki ba ta tauraro ɗaya. Na haɗa mutum goma, ke ce ta sha ɗaya."

"Ba da ni ba, Anti," in ji murya daga ƙarƙashin gado. "Ban taɓa zuwa wurinta ba, in na rubuta na yi ƙarya. Kuma in aka gano, ke za ki kwana ciki. Ke dai gaya min, da kafaɗata ta fara ciwo, me kike jin na rubuta a waya? Lambun Annashuwa?"

Bahaguwa ta ɗan ƙara nauyin yatsa.

"Wayyo, a hankali! Gaskiya ce ai. Cewa na yi kafaɗata ta riƙe, ina mai tausa kusa da ni. Injin binciken nan ba ya shaƙar furanni, Anti. Kalmomi yake karantawa. Mutum ya rubuta abin da ke damunsa, shi kuma ya duba wane shafi ne ya faɗi wannan abin, wa mutane suka yaba, wa ke kusa. Shafinki bai ce komai ba, to me zai nuna? Wai ma kin taɓa karanta abin da aka rubuta a shafin Auta?"

Ba ta taɓa ba. Taurari kawai take ƙirgawa, don karanta yabonta a ƙarƙashin hoton wata ya fi ƙarfin zuciyarta. Mai Hoto ta tashi zaune, ta ja tawul ta rufe jiki, ta ɗauki waya ta fara karantowa. Wata ta ce su biyu ne a wurin, ku ce bahaguwar kuke so. Wata ta ce na yi wata uku ba na iya waiwaye, bahaguwar nan ta sake min wuya. Wata ta ce ban san sunanta ba, amma da hagu take aiki, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Haka, haka, har ƙasa. A can sama kuma, cikin sababbi, wata ta rubuta: na je ban sami bahaguwar ba, don Allah wa ya san inda ta koma?

"Kin gani?" in ji Mai Hoto. "Nemanki ake yi, kuma da wannan sunan. Duk wadda ta rubuta shi a waya, wurin Auta za a kai ta, don a shafinta kaɗai kalmar take. Ke kin ɓuya a bayan furanni."

"Ta goge su mana, in ta ga dama."

"Ba ta isa ba. Mai shago na iya canza hoto da adireshi, amma abin da mutane suka rubuta ba ya goguwa da hannunsa. Sai dai ta rufe shafin ta buɗe sabo, ta faro daga babu."

Bahaguwa ta zauna a bakin gado tana kallon hagunta. Sunan da aka yi mata tafi da shi a layi, sunan da ta hana 'ya'yanta ko furtawa, wai shi za ta rubuta da manyan baƙaƙe ta rataya a titi. Abin ya yi mata ɗaci. Sai kuma ta tuna bakin wa sunan ya fara fitowa, ta tuna a shafin wa yake kwance yanzu ba ya goguwa. Wata dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba ta da daɗin ji, har Mai Hoto ta ce, "Anti, lafiya?"

"Lafiya lau. Kwanta in ƙarasa miki."

Kafin mako ya zagayo sabon allo ya hau kan ramukan ƙusan nan: Tausar Bahaguwa. Ta rushe lambun furanni ta buɗe shafi da asusunta, da lambarta, da kalmar sirrin da ko maigida bai sani ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai Hoto ta ce suna da adireshi da lamba su zama iri ɗaya sak a ko'ina, a taswira, a shafi, a kati, kar injin ya ɗauka shaguna biyu ne. Ta zo da kyamara ta ɗauki ɗakin yadda yake, da fankarsa da butarsa, ta ɗauki hagun nan a kan kafaɗar wata, aka rubuta bayani a ƙasan kowane hoto. Aka sa lokacin buɗewa da na tashi. Aka rubuta kwatance dalla-dalla: ki wuce gareji, ki ga kantin magani, ƙofar gefe, ki hau bene.

Sauran aikin nata ne. Shekarunta nawa tana jin abin da mata ke faɗa in sun kife a gadon nan? Wuyana ya ƙage. Bayana bai koma daidai ba tun da na haihu. Zaman kwamfuta ya riƙe min kafaɗa. Ƙafafuna sun yi nauyi saboda tsayuwa. Kowace magana ta ɗauke ta yadda ake faɗinta ta sa ta a kan rubutu, ta bayyana abin da take yi wa irin wannan ciwon, da wanda ba nata ba ne sai an ga likita. Da yatsan hagu take dannawa, a hankali, tana gogewa tana sakewa tsakanin kwastoma da kwastoma. Ta roƙi mai kantin magani da wata ungozoma da mai wurin motsa jiki na mata su ambace ta a shafukansu, ita ma ta ambace su. Ta koyi tsayawa a ƙofa ta ce a rubuta mata yadda aka ji, duk da bakinta bai saba roƙo ba, kuma kowa ta rubuta sai ta amsa mata.

Abin bai zo da wuri ba. Injin nan halin suruka gare shi, sai ya daɗe yana kallonka kafin ya yarda da kai. Wata ya wuce, wani ya bi, tana duba waya tana ƙwafa. Maigida ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Sai wata safiya waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. "Don Allah nan ne wurin Bahaguwa? Na karanta labarinki a shafin wani shago, na je suka ce ba kya nan, shi ne na rubuta sunan a waya."

"Nan ne," in ji ta. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta amsa sunan ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mace za ta nemi tausa, waya ta kai ta shafin Auta mai tarin taurari, ta karanta ta ga kowa na cewa a nemi bahaguwa, ta rubuta bahaguwa, sai ga bene a saman kantin magani. Gadon da aka ɗauke ta sayi wani ta mayar. Labarin can gefen gari kuwa yana zuwa mata har ɗaki, a bakin masu kwanciya. Wai da Auta ta gaji da tambaya, sai ta fara cewa ai ita ce bahaguwar, ta koma murza mutane da hagu. Jama'a, hannun da bai taɓa riƙe ko tsintsiya ba! Sababbin rubutu suka fara sauka a shafinta: ba ita ba ce, kar ku wahalar da kanku. Taurari suka fara zubewa. Bahaguwa kan karanta su bayan ta ci abincin rana, tana sakace haƙori, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi take ji har cikin ranta.

Ranar da take jira ta zo da kiran Mama. "Hannun ƙanwarki ya kumbura, ko kofi ba ta iya ɗagawa. An duba a asibiti an ce ba karaya, wahala ce. Na ce ta zo wurinki. Kar ki ba ni kunya."

Da hantsi Auta ta hawo benen, tana riƙe da wuyan hannun hagu, ba kwalliya ba tsiwa. Ta tsaya ta kalli allon, ta sunkuyar da kai ta shigo. "Yaya, ina kwana."

"Lafiya. Akwai mutum biyu gabanki, zauna."

Auta ta zauna a benci ta jira layi kamar kowa. Da aka zo kanta, Bahaguwa ta karɓi hannun ta juya shi, ta ga yadda ya yi suntum. Ta san daidai inda in ta danna sai an ji ihun Auta a gareji, kuma babban yatsanta ya tsaya a wurin ya ɗan jima. Auta ta runtse ido. Amma hannun nan bai taɓa cutar wanda ya kwanta masa ba, ba kuma zai fara a kan Auta ba. Ta ɗuma tawul, ta bi jijiyar tun daga gwiwar hannu a hankali, ta sassauta abin da ya ɗaure, ta naɗe da bandeji.

"Ki hutar da shi. Ki koma damarki, ita Allah ya ba ki."

Auta ta fashe da kuka. "Yaya, na tuba. Ki karɓi shafin. Yanzu-yanzu zan mayar miki, da taurarin da komai. Wallahi na gaji, kullum sai an tambaye ni ke."

Bahaguwa ta rufe kwalbar mai, ta mayar da ita kan katako, ta goge hannu yatsa bayan yatsa.

"Shafinki ne, Auta. Ke kika buɗe shi, da lambarki. Riƙe abinki."

"Yaya, don Allah."

"Ina da nawa. Wancan kuma inda yake ya fi yi min aiki. In ya ishe ki, ki rufe ki faro daga babu, yadda na faro."

Auta ta miƙe, ta ɗauki jaka da dama. Tana kaiwa bakin ƙofa wayarta ta yi ƙara. Hannu ɗaya gare ta, ta laluba da ƙyar ta danna, sai murya ta fito a fili har cikin ɗaki: "Salamu alaikum, Hutun Jiki? Don Allah bahaguwar nan tana nan yau?"

Auta ta juyo ta kalli yayarta, ido jajir. Bahaguwa tana shimfiɗa sabon tawul a gado, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baiwar Allah na jira," in ji ta. "Yi mata kwatance."

Auta ta kai wayar bakinta. "Ki wuce gareji," ta ce, "za ki ga kantin magani. Ƙofar gefe. Ki hau bene."